Ciwon baya ya hana ni sakat, an ce in je wurin ostiyofat, wa ya taɓa zuwa?

Maman Hanif (Bamingam):
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri bayanin zai ɗan yi tsawo. Ina aiki ne a gidan kula da tsofaffi a nan Ingila, yawanci diyutin dare nake yi, kuma duk wanda ya san aikin nan ya san juya majinyaci da gyara masa kwanciya da canza shimfiɗa ba sa ƙarewa. Tun kafin azumi bayana ya fara ciwo, can ƙasa wajen kwankwaso ta ɓangaren dama, da farko in na shafa man zafi na kwanta sai ya lafa, to yanzu abin ya wuce nan. In na farka sai na dafa gado nake miƙewa a hankali, sa safa ma aiki ne, ruku'u kuwa in na sunkuya ɗagowar ce tashin hankali, wani lokacin a zaune nake ƙarasa sallar. Yana ɗan saukowa ɗuwawu zuwa bayan cinya amma bai kai gwiwa ba. Na yi magana da GP, wato likitanmu na unguwa, ta waya ya ce in sha ibufurofen in ci gaba da motsa jiki, ya kuma tura sunana wurin fisiyo, wato masu gashi da atisayen jiki a asibiti, to har yau ina layi, ga shi maganin nan in na sha ƙirjina sai ya riƙa zafi.

Wata abokiyar aikina Baturiya ce ta ce in je wurin ostiyofat, wai da hannu kawai suke aiki ba allura ba ƙwaya, ita can take zuwa. Abin da nake son sani, meye bambancinsu da fisiyo? Da gaske yana magani ko tausa ce kawai mai tsada? Sannan na ga bidiyo a TikTok ana murɗe wa mutum wuya yana ba da ƙara, wallahi sai da gabana ya faɗi, babu haɗari a ciki? Na ƙarshe kuma wanda ya fi damuna, an ce sai mutum ya cire kaya, ni kuma ba zan iya tsayawa haka gaban namiji ba. Wanda ya sani dan Allah ya taimaka min, yara uku gare ni kuma in ban fita aiki ba babu kuɗin haya.

Ummu Sudais:
Wa alaikumussalam. Sannu Maman Hanif, Allah ya ba ki lafiya ya sa kaffara ne. Ina biye da amsoshin nan, maigidana ma abin da yake fama da shi ke nan.

Baban Iman (Landan):
Sannu 'yar uwa. Ni na je, bas nake tuƙawa, zaman kujera ne ya ci min baya. Bari in gaya miki yadda aka yi don hankalinki ya kwanta. Zuwan farko ya kai kusan awa guda kuma rabinsa tambayoyi ne, yaushe ya fara, me ke tayar da shi, wane magani kake sha, an taɓa yi maka tiyata, kana da hawan jini ko suga. Daga nan ya sa na tsaya ya duba ni ta baya, ya ce in sunkuya gaba, in karkata dama da hagu, in ɗaga ƙafa ɗaya, yana kallon inda jikin ke ƙin tafiya. Sannan na kwanta a gadonsu ya riƙa danna naman da ke gefen ƙashin baya da tafin hannu da babban yatsa, inda ya ɗaure sai ya tsaya a wurin ya yi ta murzawa a hankali har ya saki. Akwai wanda zai riƙe ƙafarka ya ce ka tura masa kaɗan, ka saki, sai ya ƙara miƙe ta. Na ƙarshen ne mai ƙarar, ya kwantar da ni ta gefe, gwiwar sama a lanƙwashe, ya sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, ya ce in ja numfashi in sake, ina sakewa sai ya danna da sauri, na ji ƙas. Ba zafi, mamaki ne kawai. Kuma sai da ya tambaye ni ko na yarda kafin ya yi.

Washegari jikina ya yi tsami kamar na yi aikin ƙarfi, bayan nan kuma sai na ji sakayau. Amma gaskiya ɗaya ce, ciwon ya riƙa dawowa, bai bar ni ba sai da na riƙe atisayen da ya ba ni kullum, na kuma gyara kujerar mota ina saukowa in taka duk lokacin hutu.

Ummu Khalil (fisiyo, Lids):
Maman Hanif sannu da jiki. Ni fisiyo ce, na yi aiki a gida kafin na zo nan, masu irin ciwon nan naki su ne yawancin waɗanda nake gani. Kafin mu je maganar ostiyofat akwai abin da ya fi ta muhimmanci, ki amsa min waɗannan tsakaninki da Allah. Kina jin wurin zamanki ya mace, wato tsakanin cinyoyi da gaba da dubura, in kin yi tsarki ba kya jin ruwan yadda kika saba? Fitsari yana ƙin fita ko yana zubowa ba ki sani ba, ko bayan gida? Ƙafafun biyu suna sagewa ko kina jin babu ƙarfi, kina tuntuɓe, ƙafa tana jan ƙasa? In akwai ko ɗaya daga ciki to ba maganar ostiyofat ba ce ba kuma ta jiran layi ba, A&E wato sashen gaggawa na asibiti, za ki tafi a daren nan, don yana iya zama jijiyoyin da ke ƙarshen laka ne aka danne kuma awoyi ake ƙirgawa ba kwanaki ba. Sai kuma zazzaɓi, zufan dare, rama ba dalili, ciwon da ke tashin ki daga barci ko ya kika juya ba ya lafawa, ko kin taɓa yin kansa ko tarin fuka, ko kin faɗi kin bugu. Waɗannan GP za ki koma wa ki faɗa masa ƙarara, mu da muka taso a gida tarin fuka na ƙashin baya ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ki ambata da bakinki kar ki jira a tambaye ki.

In babu ko ɗaya, to abin da kika kwatanta ya fi kama da ciwon baya na nama da gaɓoɓi, wanda aikin ɗaga nauyi da sunkuyo ke kawowa, kuma shi ne daidai inda ostiyofat ke iya taimakawa. Aikinsu da hannu ne, tausar nama mai zurfi, miƙar da jijiya, motsa gaɓa a hankali sau da yawa, da wannan dannawar mai sauri da Baban Iman ya faɗa. Abin da suke nema shi ne naman da ya ɗaure ya saki, gaɓar da ta ƙage ta samu motsi, zafin ya ragu har ki iya komawa harkokinki. Mu fisiyo ma muna yin aikin hannu amma mun fi jingina da atisaye da ƙarfafa jiki, su kuma sun fi jingina da hannun, a aikace dai mai kyau a cikinsu da mai kyau a cikinmu abin da za su yi miki zai yi kusa da juna.

Yana magani? Yana rage ciwo, wannan akwai hujja a kai, amma ba irin yadda ake zuzutawa ba. An yi wani babban bincike a nan Birtaniya mai suna UK BEAM, aka wallafa a 2004, mutum 1,334 masu ciwon baya, an samu waɗanda aka yi wa aikin hannu sun ɗan fi waɗanda aka bari da kulawar GP kawai samun sauƙi bayan wata uku, bayan shekara kuma bambancin ya rage kaɗan. Shi ya sa hukumar NICE mai tsara wa NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, ƙa'idar magani, a jagorarta ta 2016 kan ciwon ƙasan baya, ta ce a iya yin aikin hannu amma a haɗa shi da motsa jiki, kar a yi shi shi kaɗai. Wato hannun yana buɗe miki ƙofa ne ki samu ki motsa, motsin shi ne maganin da ke daɗewa. Jagorar ba ta goyi bayan ɗaura bel a ƙugu ba, ba ta kuma ce a yi wa kowa hoto ba, don haka kar ki damu don ba a tura ki MRI ba, a irin naki hoton ba kasafai yake canza maganin ba.

Ƙarar nan kuwa ba ƙashi ne ya goce aka mayar ba. Iska ce a cikin ruwan gaɓa, daidai da in kin ja yatsanki ya yi ƙara. Duk wanda ya ce miki ƙashin bayanki ya fita daga wurinsa zai mayar miki da hannu, ki yi hattara da shi.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai Anti, Allah ya saka da alheri. Alhamdulillah babu ko ɗaya a cikin na farkon, fitsari lafiya, ƙafa da ƙarfinta, ba zazzaɓi ba rama, in na kwanta ta gefe na sa filo tsakanin gwiwoyi ina samun barci. To maganar wuyan fa da cire kayan?

Ummu Khalil:
Madalla. Wuya dai ba ruwanki da shi tunda ba shi ke ciwo ba, ki faɗa tun farko ba kya so a taɓa miki wuya da dannawa mai sauri, haƙƙinki ne kuma dole su ji. Dalilin da ya sa ake tsoronsa akwai jijiyoyin jini da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa, an samu waɗanda jijiyar ta tsage bayan murɗa har ta kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba sam, amma abin da ba kya buƙata me zai sa ki ɗauki kasadarsa. Ko a ƙasan bayan ma kina iya cewa a yi miki komai ban da mai ƙarar, aikin ba ya lalacewa don haka. Waɗanda bai kamata a yi wa dannawar ba su ne mai raunin ƙashi, mai shan maganin tsinka jini irin wafarin, wanda ya samu karaya kwanan nan, mai kansa ko cuta a ƙashi, kuma in kina da ciki ko kina zato ki faɗa.

Maganar sutura, mata ostiyofat suna da yawa a ƙasar nan, lokacin da za ki kira ki ce mace kike so, in babu ki nemi wani wurin. Ba dole ne ki tuɓe ba, ki je da wando mai laushi da riga marar kauri wadda za a iya ɗaga ta baya kaɗan, ɗankwalinki yana kanki tunda ba wuya za a yi ba. Kina da damar zuwa da wata ta zauna a ɗakin. Sannan kafin ki ba kowa kuɗinki ki shiga shafin General Osteopathic Council, hukumar da ke yi musu rajista, ki sa sunansa ko lambar unguwarku ki ga yana cikin rajista. Dokar 1993 ce ta kafa hukumar, kuma laifi ne a Birtaniya mutum ya kira kansa ostiyofat ba shi da rajista. Masu rajistar sun yi digiri na kamar shekara huɗu da aikin asibiti na aƙalla awa 1,000, suna da inshora, in sun yi ba daidai ba akwai inda za ki kai ƙara. Wanda ya rubuta mai tausa ko mai gyaran jiki kawai a allonsa ba ya ƙarƙashin wannan dokar.

Ibufurofen ɗin nan kuma ki dakata ki kira GP ko ki shiga kyamis ki gaya wa mai ba da magani yana sa miki zafin ƙirji, kar ki ci gaba a haka, akwai na shafawa akwai kuma maganin da ake haɗawa da shi don kare ciki, su za su zaɓa miki.

Alhaji Baba (Kano):
Assalamu alaikum. 'Yata Allah ya yaye miki. Ni dai da na karanta bayanin nan sai na ga ai ɗori ne na Turawa, abin da iyayenmu suke yi tun fil azal, a shafa man shanu a ja a danna mutum ya miƙe. Da kina gida da na ce a kai ki wurin maɗori ko a yi miki ƙaho, mu da shi muka taso.

Dakta Abu Yasir (Hiyuston):
Baba Allah ya ƙara girma, maganarku akwai ƙamshin gaskiya a tarihi. Wanda ya kafa ostiyofati Ba'amurke ne, Andrew Taylor Still, likita ne da ya yi aiki lokacin yaƙin basasar Amurka, a 1864 sanƙarau ya kashe masa 'ya'ya uku yana ji yana gani, daga nan ya yanke ƙauna da magungunan zamaninsa, kuma ba za a ga laifinsa ba don a lokacin ana ba mutane sinadarai masu guba ana tsaga su a zubar da jini da sunan magani. A 1874 ya fito da tsarinsa, akwai lokacin da har yake tallata kansa a matsayin mai ɗori, a 1892 ya buɗe makaranta a Kirksville ta jihar Missouri. Wani ɗalibinsa John Martin Littlejohn shi ya buɗe makarantar Landan a 1917, daga nan abin ya yaɗu a Turai.

Inda suka rabu da maɗoranmu shi ne ostiyofat na yau ba ya ɗora karaya, ba ya ɗaure ƙafa da karan dawa ko tsinke, mai karaya asibiti zai tura shi, kuma an koya masa gane ciwon da ba nasa ba. Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci Baba, duk wanda ya yi aiki a asibiti a gida ya ga yaran da aka matse wa hannu da ɗauri jini ya daina zagayawa har sai da aka yanke. Ƙaho kuma wasu suna jin sauƙi na ɗan lokaci, amma ba ya ƙarfafa baya, ga maganar tsaftar aska.

Abu ɗaya da nake so 'yan uwa su gane, Still ya yi imani kusan duk cuta daga karkacewar ƙashi take, wannan ilimi bai tabbatar da shi ba, an bar shi a baya. Don haka in wani ya ce zai warkar da asma ko suga ko hawan jini ko rashin haihuwa da danna baya, babu hujja. Sannan kar a rikice, a nan Amurka wanda ke da DO, wato digirin likitan ostiyofati, a bayan sunansa cikakken likita ne kamar mai MD, yana rubuta magani yana tiyata, fiye da ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a ƙasar nan a irin makarantunsu suke, da yawansu ma ba sa yin aikin hannun bayan sun gama. Na Ingila da Faransa ba likitan asibiti ba ne, ba ya rubuta magani. Bidiyon murɗe wuya da kika gani kuwa da yawansu na kairofirakta ne, wata sana'a ce daban da ta fara a 1895, sun fi yawan yin mai ƙarar.

Alhaji Baba:
To Dakta na ji, Allah ya yi albarka. Maganar yanke hannu gaskiya ce, a unguwarmu ma an yi.

Hajiya 'Yar Maraɗi (Liyon):
Salamu alaikum. Nan Faransa kam osteyo ko'ina suna nan, kowace unguwa, tun 2002 doka ta san da su. Sekirite sosiyal, inshorar lafiya ta gwamnati, ba ta biya, sai dai mutuwal, inshorar ƙari, ta maido miki wani abu, kine kuwa, wato fisiyo, in lokotoro ya rubuta ana biya. Ni na tahi don kafaɗa kuma na ji daɗi. Amma tambayata ga masana, nan ana yawan kai jinjirai, ɗiyata ta haihu yaron yana kukan dare yana murɗe-murɗe, maƙwabta sun ce a kai shi a taɓa mishi kai. Hankalina bai kwanta ba hwa.

Dakta Abu Yasir:
Hajiya hankalinki ya yi daidai. Wannan na taɓa kan jariri a hankali wai ana daidaita ƙasusuwan ƙoƙon kai shi ne ɓangaren da hujjarsa ta fi rauni a duk ostiyofati. A Faransar ma dokar 2007 ta hana ostiyofat da ba likita ba ya yi wa jaririn da bai kai wata shida ba aiki a kai ko fuska ko ƙashin baya sai da takardar likita, kuma a ƙarshen 2024 majalisar masana likitanci ta ƙasar ta fito ta yi gargaɗi a kan yi wa jarirai. Kukan ciwon ciki na jarirai yawanci yana wucewa da kansa wajen wata uku zuwa huɗu. A kai shi wurin likitan yara ya duba nauyinsa da shan nononsa, in akwai zazzaɓi ko amai kore ko ya ƙi kama nono kuwa a tafi asibiti nan take.

Sadiq Bradfod:
Ni fa gaskiya ban gamsu ba. Na je wani wuri aka ce ƙuguna ya karkace ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, wai sai na biya kuɗin zuwa goma a dunƙule, kuɗin ya tafi ciwon yana nan. Maman Hanif kuɗin da kike samu da gumi ne, ki jira fisiyon NHS kyauta ne.

Ummu Khalil:
Malam Sadiq abin da aka yi maka bai dace ba kuma gara da ka faɗa. Ba a sayen zuwa goma tun ba a ga yadda jiki zai karɓa ba. Ƙa'idar da nake ba mutane, a biya na kowane zuwa daban, a tambaya tun ranar farko sau nawa kike ganin zan zo kuma me zan gani ya canza, in an yi uku ko huɗu babu wani sauyi a tsaya a sake lale. Mai kirki da kansa zai ce miki ki koma wurin GP. Amma jiran ma yana da tsadarsa ga mai aikin ƙarfi, tana jira tana ɗaga mutane da bayan da ke ciwo. Maman Hanif kar ki cire sunanki daga layin fisiyo, kuma ki kira asibitin GP ɗinku ki tambaya ko suna da fisiyo a nan cikin ginin, da yawa yanzu suna da shi ana ganinsa kai tsaye, wasu yankunan kuma mutum yana tura sunansa da kansa ta intanet.

Kafin nan ga abin da za ki fara yau. Ki kwanta rigingine ki lanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ki karkata gwiwoyin dama da hagu a hankali. Ki jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji ki riƙe kaɗan ki sake, ki yi ɗayar. Ki durƙusa a hannu da gwiwa ki ɗaga bayanki sama ki saukar kina numfashi. In ya fara sauƙi ki ƙara da ɗaga ƙugu daga kwance. Ɗan zafi ba komai, amma in kin ji yana sauka ƙafa yana wuce inda ya saba ki bari. Ki yi tafiya kullum ko ta minti goma ce, ki sa jakar ruwan ɗumi, kwanciya wuni guda kuwa ƙara ɗaure baya take yi.

Aminu Sharaɗa:
Afuwan na shigo da tawa. Mahaifiyarmu a Kano ta haura saba'in, bayanta yana ciwo har ta fara ranƙwafawa kuma ta rage tsawo. Akwai irin waɗannan a Kano mu kai ta? Akwai wani mai tausa da ke zuwa gida yana take mata baya.

Ummu Khalil:
Malam Aminu dan Allah a dakatar da mai take bayan nan tun yau. Tsohuwa da ta ranƙwafa ta rage tsawo, abin da ake fara zargi shi ne ƙashi ya yi rauni har wasu ƙasusuwan bayan sun lotsa, dannawa da ƙarfi tana iya karya wani. Ostiyofat ba su da yawa a Najeriya, kuma ita ba shi take buƙata ba yanzu. Ku kai ta Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano likita ya gan ta a yi hoto, daga nan su tura ta sashen gashi, akwai atisayen da ya dace da shekarunta da maganin ƙarfafa ƙashi. Duk wanda ya ce muku shi fisiyo ne ko ostiyofat a gida ku nemi shaidar rajistarsa da hukumar MRTB mai yi musu rajista a Najeriya. Haka masu sikila, ciwon ƙugu ko baya a wurinsu ba a kai shi wurin mai tausa sai an yi hoto, don kan ƙashin cinya yana iya mutuwa saboda rashin jini.

Aminu Sharaɗa:
Innalillahi, ba mu sani ba wallahi. Na kira ƙanwata yanzu na gaya mata. Allah ya biya ki.

Maman Hanif:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na duba rajistar na samu wata mace ba nisa da mu, na kira ta ce ba matsala in zo da kayana kuma kowane zuwa ake biya. GP ɗinmu ma ashe suna da fisiyo, sun ba ni rana. Saura abu ɗaya Anti, zan iya zuwa da rana in wuce diyutin dare? Kuma in gaya wa manajanmu ko in yi shiru, ina tsoron kar a rage min shifta ga bizata a hannunsu take.

Ummu Khalil:
Ki sa shi ranar da kike hutu, mafi kyau wadda washegarinta ma ba aiki, don jiki yakan yi tsami kwana ɗaya zuwa biyu bayan an yi, ba kya so ki juya majinyaci a wannan halin. Ki tafi da sunayen magungunan da kike sha, ki kuma gaya wa kowannensu, ita da fisiyon, abin da ɗayan ya ba ki don kar atisayen su ci karo.

Manaja kuwa ki gaya masa, kuma a rubuce, imel ko fom ɗin rahoto, ki ajiye kwafi. Na san tsoron da kike ji, 'yan uwanmu da yawa a aikin nan suna ɓoye ciwo saboda biza har sai ya kwantar da su gaba ɗaya. Akwai dokar 1992 kan ɗaga nauyi a wurin aiki, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya auna haɗarin ya kuma rage shi, kuma ta shafe ki ko da wace irin biza kike. Majinyacin da tsarin kulawarsa ya ce mutum biyu, kar ki juya shi ke kaɗai ko da ƙarfe ukun dare ne kuma abokiyar aikinki tana wani ɗakin, ki jira ta. Ki ɗaga gadon ya zo miki daidai ƙugu kafin ki fara, ki sa zanen nan mai santsi a ƙarƙashinsa, inda aka ce injin ɗagawa a yi da injin. In kina buƙatar a sauƙaƙa miki aiki na ɗan lokaci, GP ko fisiyon nan da za ki gani suna iya rubuta miki takardar da ke cewa za ki iya aiki amma ban da ɗaga nauyi, ostiyofat ba ta bayar da wannan takardar don haka ki nema a wurinsu. In kina cikin ƙungiyar ma'aikata ki sanar da wakilinku, in ba kya ciki Citizens Advice suna ba da shawara kyauta.